Tsibin Duwatsu a Kan Tsauni: Yadda Ake Gane Kabarin Mutanen Da, da Yadda Ake Tona Shi

A tuddan Dartmoor da Peak District na Ingila, da tsaunukan Wales da Ailan, mai tafiya ba ya daɗewa bai ci karo da tsibin duwatsu ko tudun ƙasa mai siffar ƙwarya a kife ba. Faɗinsa yakan kama daga mita 5 zuwa 30, tsayinsa kuwa sau da yawa bai kai ƙirjin mutum ba. Galibinsu suna da loɓawa a tsakiyar ka. Wannan loɓawa ba magina suka bar ta ba. Shaida ce ta cewa wani ya riga ya shiga: ko ɓarawon kabari, ko makiyayi mai neman dutsen katanga, ko masu tone-tonen ƙarni na 19 da suka saba zura rami daga sama kai tsaye zuwa tsakiya, su kwashe tukunya da wuƙar tagulla, su mai da ƙasa su wuce. Thomas Bateman, wanda ya tona kaburbura masu ɗimbin yawa a Peak District kafin rasuwarsa a 1861, har ɗan allon dalma mai ɗauke da sunansa yakan bari a ramin.

Duk waɗannan mutane abu ɗaya suka ɗauka: cewa tudun murfi ne kawai, abin nema yana tsakiya. A nan suka yi kuskure. Tudun kabari aiki ne da aka yi hawa-hawa, wani lokaci cikin shekaru ɗaruruwa, kuma mafi yawan labarinsa yana gefe-gefe, da cikin jerin shimfiɗun da aka tara, da tsohuwar ƙasar da ya danne a ƙarƙashinsa. Ramin tsakiya ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu, sai ma ya yanke su ya cakuɗa.

Ba duka shekarunsu ɗaya ba. A Birtaniya, dogayen kaburbura su ne na farko, an fi gina su tsakanin 3800 da 3500 kafin Miladiyya, zamanin manoman farko da ba su san ƙarfe ba. Na West Kennet tsawonsa ya kai kimanin mita 100, da ɗakunan dutse a ƙarshensa na gabas. Irin waɗannan na taron jama'a ne, ana buɗewa a ƙara gawa. A na Hazleton North da ke tuddan Cotswold, gwajin ƙwayar halitta da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa mutum 27 cikin 35 da aka gwada dangi ɗaya ne, zuriya biyar a jere, daga namiji ɗaya da mata huɗu. Zagayayyun kuwa, waɗanda su suka fi yawa a kan tuddai, akasarinsu na farkon Zamanin Tagulla ne, wajen 2400 zuwa 1500 kafin Miladiyya. Al'adar ba ta Turai kaɗai ba ce. Akwai kaburburan dutse na zamanin Hafit a Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, na wajen 3200 zuwa 2600 kafin Miladiyya, jere a kan doron duwatsu. Akwai na tsaunukan Altai a Siberiya, akwai na Ahaggar da Tassili da Abzin a cikin Sahara. Gini ya bambanta, amma matsalolin ganewa da na tonawa kusan iri ɗaya ne.

Abu na farko da ake dubawa shi ne mazauni. Wasu a kan ƙololuwa suke sosai. Tsibin Knocknarea a Ailan, mai faɗin kimanin mita 55 da tsayin mita 10, yana kan tsauni mai mita 327, kuma har yau ba a tona shi ba. Na Slieve Gullion a Ailan ta Arewa yana kan mita 573. Amma da yawa ba a kan ƙololuwar gaskiya suke ba, an sauko da su kaɗan zuwa kafaɗar tsauni. Wanda ke tsaye a saman sai ya ga kamar an yi kuskuren wuri. Sai ya sauka kwari ya ɗaga kai, sannan ya ga tudun ya fito sarai a layin da tsauni ya haɗu da sama, alhali ƙololuwar kanta ta ɓuya a baya. Wato daga ƙasa aka nufa a gan shi, daga inda mutane ke zaune ko inda hanya ta bi. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ba ya tsayawa a kan tudu kaɗai yana rubutu. Yakan zagaya ya nemi wurin da aka fi hango shi, domin can ne ya kamata a nemi kufan gidaje da gonaki. Sai dai a yi hattara: tsaunin da yake fili a yau mai yiwuwa daji ne a lokacin, kuma ƙurar furannin da ke ƙarƙashin tudun ce za ta raba gardama.

Sai kuma abin da ya fi kayar da sababbin shiga, wato tsibin da ba kabari ba ne. Manoman da sun tsince duwatsu daga gona sun tara gefe, kuma waɗannan tsibi ƙanana ne, mita 2 zuwa 5, ba su da tsari, suna zuwa da yawa a wuri ɗaya a gangare mai sauƙi inda noma zai yiwu. Matafiya na zamani suna tara nasu a bakin hanya, amma duwatsunsu a sake suke, ba su nutse cikin ƙasa ba, kuma gansakukar da ke jikinsu ba ta fuskanci gefe ɗaya ba, wata ma tana ƙasan dutsen. Kufan bukka zagayayye yana da ƙofa da daɓe a ciki. Tarin da masu haƙar ma'adinai suka zubar yana da raminsa a kusa. Tudun da ke bakin rafi mai siffar ƙoda, cike da duwatsun da wuta ta farfasa da baƙar ƙasa, wurin dafa ruwa ne da zafafan duwatsu. A ƙasashen sanyi kuma ƙanƙarar da ta taɓa rufe ƙasa ta bar tuddai masu kyan siffa da ke ruɗin ido, ga gidajen zomaye da aka gina da gangan, dogaye masu gwalalo a gefe. Abin da ke ƙarfafa zaton kabari shi ne da'ira mai tsari, da manyan duwatsu jere a gindi, da bakin falalen dutse da ya leƙo a tsakiya, da mazauni irin wanda aka bayyana. Ko da haka raba su ba ya cika, domin an sha samun ƙonannen ƙashi a cikin tsibin gona, an kuma sha tona babban tudu ba a sami gawa ko ɗaya ba. Dogon tudun South Street kusa da Avebury a kudancin Ingila haka yake, babu kowa a ciki, amma a ƙarƙashinsa an ga sawun garma ya gicciya juna a jikin alli.

Idan aka bi ginin daga ƙasa zuwa sama, ga abin da aka fi samu. Da farko tsohuwar fuskar ƙasa, wani lokaci an ɗaye ciyawarta, wani lokaci an ƙona ta. A cikinta ko a kanta akwai kabarin farko. A ƙasar duwatsu yakan zama akwatin dutse: falale huɗu a tsaye, biyu dogaye biyu gajeru, da murfi a sama. Cikinsa bai cika wuce mita ɗaya a tsawo da santimita 60 a faɗi ba, don a takure ake sa gawar, a kan gefenta, gwiwoyi a naɗe. Wasu akwatunan an lilliƙe kusurwoyinsu da yumɓu. A Dartmoor mafi yawansu sun miƙe ne daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Bayan wajen 2000 kafin Miladiyya ƙona gawa ya yi rinjaye, sai ya zama ƙashi ne ake zubawa a rami, ko a jaka, ko a babbar tukunya da akan kifa a kan falale. A kewaye akwai ɗamarar manyan duwatsu da ke tokare tsibin kada ya baje. Inda ƙasa ke tonuwa, akan haƙa gwalalo a zagaye a tara abin da ya fito a tsakiya. A kan dutse mai tauri babu gwalalo, tsinto duwatsu ake yi ko a yanko ƙasa mai ciyawa falle-falle a jera. A Brenig da ke arewacin Wales, inda Frances Lynch ta jagoranci tono daga 1973 zuwa 1975 kafin a cika madatsar ruwa, an sami da'irori na ramukan turaku a ƙarƙashin tuddan ciyawa, alamar shingen da aka kafa kafin a fara tarawa. Daga baya sai a dawo: a huda gefen tudun a sa wata tukunya, a ƙara sabuwar ɗamara a waje da ta farko, a lulluɓe da sabon shafi na duwatsu. Tudu mai ɗamara biyu ko uku, ɗaya cikin ɗaya, ya girma ne sau biyu ko uku.

Lissafin aikin yana da amfani, don yana hana a zuzuta shi ko a raina shi. Tudu mai faɗin mita 15 da tsayin mita ɗaya da rabi yana ɗauke da kimanin kubik mita 134. Idan duwatsu ne a sake, a ƙiyasta tan 1.6 a kowane kubik, an haura tan 200. Mutum ashirin da ke kawo tan ɗaya ɗaya a yini daga kusa za su gama cikin kwana goma sha ɗaya ko makamancin haka. Aikin dangi ne ko na ƙauye, ba sai da sarki da bayi ba. Idan kuwa da fallen ciyawa mai kaurin santimita 10 aka gina, sai an ɗaye fili mai faɗin murabba'in mita 1,340 aƙalla, kuma fiye da haka a gaskiya, tunda fallen yana matsewa idan nauyi ya hau shi. Wannan makiyaya ce aka sadaukar, wadda za ta yi shekaru ba ta farfaɗo ba. A Skelhøj ta ƙasar Denmak, tudu mai faɗin mita 30 da aka tona daga 2002 zuwa 2004, an ga cewa an raba da'irar kashi takwas, kuma ana iya bambance aikin kowane rukuni daga yadda ya jera nasa fallen.

Abin da zai rage a cikin kabari ba darajar mamaci ke yanke shi ba, ƙasa ce. Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a fahimta game da tuddai. Yawancin tsaunuka masu ruwan sama da yawa ƙasarsu tana da tsami, musamman a kan dutsen giranit da dutsen yashi. Tsamin yana narkar da ɗanyen ƙashi ƙaf. Sai a ɗaga murfin akwatin da ba a taɓa buɗewa ba a tarar da tukunya da kan kibiya na dutsen ƙyastu, babu mutum. Wani lokaci sai ɗan duhu a ƙasa mai siffar wanda ya kwanta, ko ɓawon haƙori, ko yawan sinadarin fosfet da gwaji ke nunawa. Masu tonon da sun rubuta irin wannan a matsayin kabarin da babu kowa, kuma sun yi kuskure sau da yawa. Ƙonannen ƙashi shi yana jure tsami, don wuta ta sauya ƙirarsa. Saboda haka a ƙasa mai tsami ƙonannu ne ke bayyana, binnannu su ɓace, kuma duk wanda ya ƙirga ba tare da lura da wannan ba zai ce mutanen wurin ƙona gawa kawai suke yi. A kan farar ƙasa da alli abin ya juya: ƙashi yana zama lafiya lau, amma ƙurar fure da fata da saƙa su tafi.

Inda ruwa ya toshe iska kuwa, abin mamaki yakan fito. A Whitehorse Hill, kimanin mita 600 a arewacin Dartmoor, wani akwatin dutse ya fara leƙowa daga gefen tudun baƙin taɓo na ruɓaɓɓun tsirrai da ke zaizayewa. A 2011 aka tona shi, kuma hikimar da aka yi ita ce ba a buɗe abin da ke ciki a kan tsaunin ba. An ɗauke shi dunƙule guda tare da falalen ƙasansa, aka kai ɗakin gwaji aka bi shi a hankali. An sami ƙonannen ƙashin matashi naɗe cikin fatar beyar, da kwando, da duwatsun ado sama da 200, wasu na amba, wato daskararren ƙaron itace, ɗaya na kuza, da abin hannu saƙaƙƙe da gashin shanu mai ƙananan ƙusoshin kuza, da 'yan kunne na itace da aka fafe. Shekarunsa tsakanin 1730 da 1600 kafin Miladiyya. Da da cebur aka tona shi a ƙarni na 19, da rahoton bai wuce layi ɗaya ba: ƙashi, toka, da 'yan duwatsun ado. A Denmak maginan sun jiƙa cikin tudun da ruwa, sai ƙarfen da ke cikin ƙasa ya taru ya yi ɓawo mai tauri da ya kulle damshi a ciki. Haka akwatin gungume na yarinyar Egtved, da aka gano a 1921, ya tsira da tufafinta, kuma zoben itacen ya nuna an sare shi a 1370 kafin Miladiyya.

A Altai sanyi ne ya yi aikin. Tsibin duwatsu a sake yana barin iska mai sanyi ta sauka ta cikinsa a lokacin hunturu, yana kuma kare ƙasa daga zafin rana a bazara, sai ƙanƙara ta kafu a ƙarƙashinsa ko da ƙasar kewaye tana narkewa. A Pazyryk, inda Mikhail Gryaznov ya yi tono a 1929, Sergei Rudenko kuma daga 1947 zuwa 1949, ɓarayin da sun riga sun shiga, ruwa ya bi raminsu ya cika ɗakin katako ya daskare, ya adana darduma da sirada da dawakai da fatar mutum mai zane. A tudun Ukok a 1993 Natalia Polosmak ta sami mace da dawakai shida, aka riƙa narkar da ƙanƙarar da ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Matsalar ita ce da zarar an narkar, ruɓa ta fara a ranar.

Kafin a taɓa ƙasa akwai aiki mai yawa, kuma sau da yawa a nan ya kamata a tsaya. Ana auna faɗi ta fuska biyu, arewa zuwa kudu da gabas zuwa yamma, a auna tsayi daga gefen sama da gefen gangare daban, don a kan gangare bambancin yakan kai ninki biyu. Ana zana taswira, a sa kowane dutsen ɗamara da ke bayyane da kowane rami. Hoto ya fi kyau da sassafe ko da yamma lis, lokacin da inuwa ke fito da ƙaramin tudu, kuma a lokacin da ciyayi suka kwanta. Hoton lesa, wato awon fuskar ƙasa da haske daga jirgin sama, yana taimakawa, amma wanda ke ɗaukar awo ɗaya a kowace mita yakan tsallake tsibi mai tsayin santimita 30, sai an sami na santimita 25 ko 50. Gajerun ciyayi masu kauri kuma lesa ba ta ratsa su sosai, sai kurmin ciyawa ya fito kamar tudu. Dole a haska hoton daga fuskoki da dama a kwamfuta, sannan a taka a je a gani. Na'urar auna maganaɗisu tana gano wurin da aka yi wuta da ramukan da suka cike, amma a kan duwatsun aman wuta ƙarfin dutsen kansa yana danne komai. Na'urar da ke auna yadda ƙasa ke tare lantarki tana son damshi daidai wa daida, kuma sandunanta ba sa shiga tsibin da babu ƙasa. Rada, na'urar leƙa cikin ƙasa, tana mutuwa a yumɓu mai ruwa, tana kuma watsewa a cikin duwatsu masu rata. Inda baƙin taɓo ya binne komai, doguwar sandar ƙarfe da ake cakawa a kowace mita har yanzu tana aiki.

Idan tono ya zama dole, hanyar da aka fi bi ita ce ta Albert van Giffen na ƙasar Holan. A ja kirtani biyu su gicciye a tsakiya, tudun ya rabu huɗu. A fara da kashi biyu masu fuskantar juna ta kusurwa, a bar siririyar katangar ƙasa a tsakani, mai kaurin rabin mita zuwa mita ɗaya. Da haka za a sami fuskar yanka biyu cikakku da suka ratsa tudun daga gefe zuwa gefe, inda kowane shafi ke bayyane. Ramin tonon ya wuce gindin tudun da mita da dama, domin gwalalo da ramukan turaku da tukwanen da aka ƙara daga baya duk a waje suke. Ana sauka shafi-shafi, na ƙarshen zuwa shi ake fara cirewa, kowanne da lambarsa. Ramin ɓarayi shi ake fara kwashewa gaba ɗaya, a tankaɗe ƙasarsa daban, don a ciki ake samun gutsattsarin abin da suka farfasa, tare da kwalba ko lofen taba na zamaninsu. Taswira akan zana ta a ma'aunin 1 cikin 20, fuskar yanka a 1 cikin 10. A tsibin duwatsu kuskuren da aka fi yi shi ne a kwashe duwatsun da suka gangaro tare da waɗanda aka jera, sai a rasa asalin gefen ginin. Wanda aka jera yana kwance a kan ɗan'uwansa yana karkata ciki. Wanda ya gangaro yana karkata waje, da ƙasa a ƙarƙashinsa. Duwatsun ɗamara a sa musu lamba da alli kafin a ɗaga, in ana so su koma mazauninsu.

Tukunyar ƙashi ba a zazzage ta a fili. A tona kewayenta, a naɗe ta da bandeji, a zura faranti a ƙasa a ɗauke ta da abin cikinta. A ɗakin gwaji a yi mata hoton ciki, sannan a kwashe santimita biyu-biyu, don a ga ko an jera ƙashin da tsari, ko mutum ɗaya ne ko biyu. Babban mutum idan aka ƙona shi yakan bar ƙashi kilo ɗaya zuwa biyu da rabi. Abin da ake samu a kabari sau da yawa bai kai rabin haka ba, wanda ke nuna ba duka aka kwaso daga wurin ƙonawa ba. Launi ma yana magana: fari tas na nufin wuta ta haura digiri 600 kuma ta daɗe, baƙi ko shuɗi-shuɗi na nufin wannan gaɓar ba ta ci wuta sosai ba. Duk ƙasar da ke cikin kabari a ɗebe ta gaba ɗaya. Daga sauran shimfiɗu a ɗebi lita 40, a zuba a ruwa, gawayi da ƙonannun iri su taso a tare su da rariya mai ido kusan kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. Ƙananan duwatsun ado ba a ganinsu a cikin taɓo, a rariya suke fitowa. Kayan itace ko fata da suka fito a jiƙe a bar su a jiƙe, cikin sanyi da duhu. Awa kaɗan a rana ya isa su tsage su nannaɗe.

Tsohuwar ƙasar da ke ƙarƙashin tudun ita ce abin da ba a samu a ko'ina a tsaunin, don ko'ina ya ci gaba da sauyawa, ita kuwa an rufe ta a rana ɗaya. Ana buga ƙaramin gwangwani mai kusurwa huɗu a fuskar yanka a ciro ta ba tare da ta motsa ba, a ɗauki ƙurar fure santimita-santimita. Daga nan ake sanin ko daji ne, ko makiyaya, ko gona, da ko ƙasar ta riga ta fara tsami kafin a yi ginin. A wurare da dama a Birtaniya ƙasar da ke ƙarƙashin tudu ta fi ta kewayensa kyau nesa ba kusa ba, shaidar cewa tsaunin da ya zama fayau a yau ya taɓa ɗaukar itatuwa da noma.

Wajen sanin shekaru, gwajin kabon-14 ba ya ƙarya, amma yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Yana faɗin lokacin da abin ya daina rayuwa, ba lokacin da aka gina tudu ba. Gawayin tsakiyar babban itacen ok yana iya girme wutar da ta ƙona shi da shekara 300 ko fiye. Saboda haka sai masani ya tantance gawayin tukuna, a zaɓi ɗan reshe, ko ɓawon ƙwallo, ko ƙwayar hatsi. Gawayin da ke warwatse cikin fallen ciyawa tare da fallen ya zo, ya girmi ginin. Na cikin gwalalo kuma yana iya zama ƙanensa da nisa, ko da yake gwajin da aka fara a Overton Down ta Ingila a 1960, inda aka haƙa gwalalo aka bar shi ana duba shi lokaci-lokaci, ya nuna cewa shafin can ƙasa yana taruwa ne cikin 'yan shekarun farko, don haka ƙahon barewar da aka yi tono da shi aka yar a gindin gwalalo shaida ce mai kyau. Tun wajen shekarar 2001 ana iya gwada ƙonannen ƙashi kansa, giram biyu na fari tas ya isa, amma shi ma yana shan kabon daga hayaƙin itacen da aka ƙona shi da shi, sai ya ɗan tsufa idan tsohon gungume aka sa. Ga kaburburan Zamanin Ƙarfe akwai wata matsalar: tsakanin 800 da 400 kafin Miladiyya ma'aunin da ake mai da awon kabon zuwa shekaru da shi ba ya bambancewa, sakamako ya bazu cikin shekaru ɗari huɗu. A Altai zoben gungumen ɗakin ne ke fitar da masu bincike daga wannan. Sakamako ɗaya tak daga tudu mai hawa uku ba ya wadatarwa. Ana bukatar biyu ko uku daga kowane hawa, a jera su bisa tsarin shimfiɗun.

Ɓarnar yau ba ta masu neman zinariya ba ce kaɗai, ko da yake zinariya ta taɓa fitowa: mayafin zinariya na Mold a Wales ma'aikata masu fasa tsibi don neman dutse ne suka same shi a 1833, ya ragargaje, suka rarraba gutsattsarin a tsakaninsu. Yanzu matafiya ne ke kwashe duwatsun tsibin ƙololuwa su gina zagayen fakewa daga iska, su huda cikinsa ba su sani ba. Tumaki suna kwanciya a gefen da iska ba ta bugawa, su goge ciyawa, ruwa ya samu hanya. Zomaye da dagen Turai suna son ƙasar tudu don ta fi taushi. Tsire-tsire masu saiwa mai yaɗo a ƙarƙashin ƙasa suna cakuɗa shimfiɗu, itacen da iska ta tumɓuke yana tafiya da rabin kabari a saiwarsa, garmar masu dashen daji kuma tana tsaga tudu biyu. Gobarar Fylingdales Moor a arewacin Ingila a watan Satumban 2003 ta cinye kimanin murabba'in kilomita biyu da rabi har da ƙasar saman, ta fito da kayan tarihi masu yawa da ba a san da su ba, amma ta bar su tsirara, sai da aka yi gaggawar shuka ciyawa kafin ruwa da iska su kwashe.

A Birtaniya doka ta haramta tona wurin tarihi da ke cikin rajista, ko yawo da na'urar neman ƙarfe a kansa, sai da izini a rubuce. Gyaran da ake yi wa tudun da ke zaizayewa ba shi da wuya. A zana a ɗauki hoton ramin yadda yake, a shimfiɗa yadin da ruwa ke ratsawa don a raba tsohuwar ƙasa da sabuwa, a cike da ƙasar da aka kawo daga wurin da babu kayan tarihi, a rufe da fallen ciyawa irin ta wurin, a danne da raga har ta kama. Itacen da ya tsiro a kai a sare shi daga gindi a bar kututturen ya ruɓe a wurin, kada a tumɓuke. Mazubin abinci da na ruwan dabbobi a janye su nesa da tudun. Kiwo kuma a rage shi, kada a hana gaba ɗaya, domin idan dabbobi suka daina zuwa sarƙaƙiya ce ke maye wurin, kuma saiwarta ta fi kofato ɓarna.